Idan kumbo ya hallaka mutane, wa ke biyan diyya?

Da safiyar 28 ga Janairu, 1986, kumbon Amurka mai suna Challenger ya tashi daga Florida. Daƙiƙa 73 kacal ya yi a sama ya tarwatse, a kan idon iyalan waɗanda ke ciki da yaran makaranta da aka tara gaban talabijin don su ga tashin wata malama, Christa McAuliffe. Su bakwai ne a ciki, babu wanda ya kai labari. Kumbo ɗaya suka hau, sanadi ɗaya ya yi ajalinsu, amma da aka zo maganar diyya sai doka ta raba su gida-gida: wannan soja ne, wannan ma'aikacin gwamnati, wancan ma'aikacin kamfani, waccan baƙuwa ce da aka gayyato. Kowanne da ƙofar da aka buɗe wa magadansa, akwai kuma wadda ta tarar da tata a kulle.

Nan ne mutane ke rikicewa. Mai sauraron labarai yana ɗauka cewa da zarar bincike ya gano wanda ya yi sakaci, shi ke nan, sai biya. A harkar sararin samaniya ba daga nan ake farawa ba. Abin da ake fara tambaya shi ne: wane ne mamacin a takarda, kuma a ina yake lokacin da abin ya faru, cikin kumbon ko a ƙasa? Maganar kuma ta wuce ta 'yan sama jannatin gwamnati kaɗai. Kamfanoni na sayar wa masu kuɗi kujera. A 2024 hukumar sararin samaniya ta Najeriya, NASRDA, ta sanar da shirin tura ɗan Najeriya a kumbon kamfanin Blue Origin. Tarkacen rokoki kuma ya faɗo a ƙauyukan Afirka ba sau ɗaya ba.

## Diyya, alhaki da sakaci

Mai karatun Hausa ya san diyya ta fuskar fiƙihu. Idan aka yi kisan kuskure akwai adadi sananne, raƙuma ɗari ko dinari dubu na zinariya, kuma dangin mai kisan ta wajen uba, wato aƙila, su ke haɗa ta. Ba a tambayar nawa ne albashin mamaci. A kotunan Amurka, inda yawancin shari'o'in da za a ambata suka gudana, babu irin wannan adadi. Lissafi ake yi: shekarun mamaci, abin da yake samu, shekara nawa suka rage masa na aiki, mutum nawa ke ci a ƙarƙashinsa. Shi ya sa mutum biyu za su mutu kafaɗa da kafaɗa, diyyarsu ta sha bamban.

Alhaki a doka iri biyu ne. Akwai wanda ba ya hawa kan mutum sai an tabbatar ya yi sakaci, wato ya kasa yin taka-tsantsan ɗin da ake tsammani daga irinsa. Akwai kuma wanda ke hawa kansa ko da ya yi iya ƙoƙarinsa, saboda shi ya ɗauko aiki mai hatsari ya kawo kan mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka.

Abubuwa biyu kuma kan toshe hanyar kotu tun kafin a kai ga batun sakaci. Na farko kariyar da gwamnati ke da ita: ba a kai ta ƙara sai a inda ita da kanta ta yi dokar da ta yarda a kai ta. Na biyu takardar yafe ƙara, wadda mutum ke sa wa hannu kafin tafiya cewa ya san hatsarin, kuma ba zai nemi komai ba idan abin ya same shi.

## Abin da ƙasashen duniya suka amince a kai

Yarjejeniyar Sararin Samaniya ta 1967 ta kafa tushe: duk abin da 'yan wata ƙasa suka yi a sama, ko kamfani ne mai zaman kansa, gwamnatin ƙasar ke da alhakinsa a idon duniya. Yarjejeniyar 1972 kan ɓarnar da kayan sararin samaniya suka yi ita ta fayyace yadda za a biya. Ta ce "ƙasar da ta harba" ta haɗa da wadda ta yi harbin, da wadda ta sa aka harba mata, da wadda aka harba daga ƙasarta ko daga tasharta. Idan sun fi ɗaya, wadda aka cuta na iya bin kowacce daga cikinsu cikakken kuɗin, su kuma su je su sasanta tsakaninsu.

Idan ɓarnar a doron ƙasa ta faru, ko jirgin sama ta samu yana tafiya, ƙasar da ta harba za ta biya ko babu sakaci, kuma yarjejeniyar ba ta sa iyaka ga adadin ba. Idan kuwa a can sama ne kumbon wata ƙasa ya daki na wata, sai an tabbatar da laifi.

A takarda wannan kariya ce mai ƙarfi, sai dai tana da rauni biyu da ya kamata a sani. Mutum ba ya shigar da buƙatarsa da kansa a ƙarƙashinta. Gwamnatinsa ce za ta nema masa ta hanyar diflomasiyya, cikin shekara ɗaya. Idan ba a daidaita ba sai a kafa kwamitin mutum uku, amma hukuncinsa shawara ce kawai, sai fa idan ɓangarorin sun amince tun farko cewa zai zama tilas. Rauni na biyu ya fi shafar batunmu: sashe na 7 ya cire 'yan ƙasar da ta harba, ya kuma cire baƙin da ke cikin aikin. Ma'ana, waɗanda suka fi kowa kusa da mutuwa, matuƙa da fasinjoji da ma'aikatan tasha, yarjejeniyar ba ta san da su ba.

Sau ɗaya aka taɓa dogara da ita wajen neman kuɗi tsakanin ƙasa da ƙasa. A 24 ga Janairu, 1978, tauraron ɗan'adam na Tarayyar Sobiyet mai suna Cosmos 954, wanda ke ɗauke da injin nukiliya, ya watse a arewacin Kanada. Ba a rasa rai ba, amma an shafe watanni ana tsintar ɓaraguzai masu guba cikin ƙanƙara. Kanada ta nemi dalar Kanada miliyan 6 da 'yan kai. Sai a 1981 Moscow ta biya miliyan 3 aka rufe maganar. Rabin kuɗi ke nan bayan shekara uku, kuma tsakanin ƙasashe biyu masu ƙarfi da lauyoyi.

Inda aka rasa rayuka kuwa, dokar cikin gida ce ta yi aiki. A Fabrairun 1996 wata rokar Sin ta kauce hanya jim kaɗan da tashi daga Xichang ta faɗa kusa da wani ƙauye. Hukumomi suka ce mutum 6 sun mutu, 57 sun jikkata. 'Yan ƙasar da ta harba ne, don haka yarjejeniyar ba ta shafe su ba. A Agustan 2003 roka ta kama da wuta a tashar Alcântara ta Birazil ta kashe ma'aikata 21, sai da majalisar ƙasar ta yi doka ta musamman domin biyan iyalansu.

## Challenger: an san mai sakaci, amma wa za a kai ƙara?

Ba kasafai bincike ke fito da sakaci fili kamar na Challenger ba. Rokokin da ke cilla kumbon, waɗanda kamfanin Morton Thiokol ya ƙera, gaɓa-gaɓa ne, kuma a kowace mahaɗa akwai zoben roba da ke hana iskar wuta fita. Sanyi na sandarar da robar. Wani injiniyan kamfanin, Roger Boisjoly, ya rubuta wa shugabanninsa gargaɗi tun Yulin 1985. A daren jajibirin tashi an yi taro ta wayar tarho tsakanin kamfanin da jami'an NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, injiniyoyi suka ce kada a harba idan yanayi bai kai kusan digiri 12 ba. Jami'an NASA suka nuna rashin gamsuwa. Manajojin kamfanin suka nemi a ba su 'yan mintoci, suka tattauna su kaɗai, suka dawo suka ce a harba. Da safe yanayin bai wuce digiri 2 ba. Kwamitin da shugaban ƙasa ya kafa ƙarƙashin William Rogers ya ɗora laifi a kan zoben da kuma yadda aka yanke shawarar. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Duk da haka hanyar kai gwamnati ƙara ta kasance ƙunci. Dokar 1946 ta yarda a kai gwamnatin Amurka ƙara kan sakacin ma'aikatanta, amma da togaciya masu yawa. Ma'aikacin gwamnati farar hula da ya mutu a bakin aiki, iyalinsa na da tsarin biya na musamman: matar da ba ta da 'ya'ya tana karɓar rabin albashinsa duk wata, mai 'ya'ya kuma abin na iya kai kashi 75 cikin 100. Ba sai an tabbatar da laifin kowa ba, amma sharaɗin shi ne ba za a ƙara kai gwamnati kotu ba. Soja kuwa, tun 1950 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Feres, wani hafsa da gobarar bariki ta kashe a New York, cewa ba a neman diyya daga gwamnati kan abin da ya samu soja a bakin aikinsa.

Wannan ƙa'ida ce ta tare matar Michael Smith, matuƙin Challenger, wanda hafsan sojan ruwa ne da aka ba NASA aronsa. Lauyoyinta suka ce ai ba aikin soja yake yi ba ranar, kumbon hukumar farar hula yake tuƙawa. Kotu ta ce har yanzu soja ne a bakin aiki, ta cire gwamnati daga ƙarar, kotun ɗaukaka ƙara ma ta tabbatar. Da kamfanin kaɗai ta samu yin sulhu.

Iyalai huɗu, na Scobee da Onizuka da Jarvis da McAuliffe, ba su je kotu ba. A Disambar 1986 suka amince da sulhun da Ma'aikatar Shari'a ta shirya. An ɓoye adadin, sai a 1988 ya fito: kimanin dala miliyan 7.7 ga iyalan huɗu gaba ɗaya, kamfanin ya biya kashi 60, gwamnati kashi 40. Abin lura, Ellison Onizuka shi ma soja ne kamar Smith. Iyalinsa sun samu kuɗin gwamnati don sun karɓi abin da aka miƙa musu, matar Smith kuwa da ta nemi kotu ta auna laifin gwamnati ba ta samu ko sisi daga wannan ɓangaren ba. Iyalan Ronald McNair da Judith Resnik sun bi kamfanin daban, suka daidaita a kan kuɗin da ba a bayyana a hukumance ba. McAuliffe kuma tana da inshorar rai ta dala miliyan 1 da wani kamfanin dillancin inshora ya ba ta kyauta kafin tafiya.

Babu wanda aka gurfanar kan laifin kisa. Morton Thiokol ya amince a rage masa dala miliyan 10 daga ribarsa ba tare da ya amsa laifi a doka ba, ya kuma ci gaba da ƙera wa NASA rokoki.

Bin ɗan kwangila maimakon gwamnati ba a Challenger aka fara ba. Bayan gobarar Apollo 1 ta Janairun 1967, wadda ta kashe mutum uku ana cikin gwaji a ƙasa, matar Gus Grissom, ɗaya daga cikin mamatan, ta kai kamfanin da ya ƙera kumbon ƙara, aka sasanta a 1972 kan dala 350,000. Lauyan da ya tsaya mata, Ronald Krist, shi ne daga baya ya tsaya wa matar McNair. Amma wannan hanya ma ta ƙuntata. A 1988, a shari'ar Boyle da ta shafi wani sojan da ya nutse cikin jirgi mai saukar ungulu, Kotun Ƙoli ta ce ba a kama ɗan kwangila da laifin zane idan gwamnati ce ta amince da zanen, ya ƙera yadda aka ce, kuma ya sanar da ita haɗurran da ya sani ita ba ta sani ba.

## Columbia: biya ba tare da kotu ba

A 1 ga Fabrairu, 2003, kumbon Columbia ya wargaje a samaniyar Texas yana dawowa gida. Tun ranar tashi wani ɓallin soson da aka lulluɓe tankin mai da shi ya fasa gaban fiffikensa na hagu. Injiniyoyi sun nemi a ɗauki hoton fiffiken yana sama, manajoji ba su ga buƙata ba. Kwamitin bincike ya ce al'adar aiki a NASA na da hannu a hatsarin daidai da soson.

Idan aka bi harafin doka, iyalan ba su da wata babbar madafa. Biyar daga cikin bakwai ɗin sojojin Amurka ne a bakin aiki. Kalpana Chawla ma'aikaciyar gwamnati ce. Ilan Ramon hafsan sojan saman Isra'ila ne, baƙon da ke cikin aikin, irin wanda yarjejeniyar 1972 ta cire. Amma NASA ta ɗauko William Webster, tsohon shugaban hukumar FBI, ya shiga tsakani a asirce, aka biya iyalan dala miliyan 26.6. Jama'a ba su sani ba sai a 2007, da jaridar Orlando Sentinel ta samo takardun ta hanyar dokar 'yancin samun bayanai.

Masu goyon bayan wannan salo suna cewa ya hutar da iyalai daga shekarun shari'a da tonon rauni, ya kuma ba su abin da wataƙila kotu ba za ta ba su ba. Masu suka suna cewa kuɗin jama'a ne aka kashe a ɓoye, kuma tunda babu hukuncin kotu, babu ƙa'idar da iyalan gaba za su dogara da ita. Duka biyun na da hujja, amma ta biyun ta fi nisan tasiri: abin da iyalan Columbia suka samu ya fito ne daga ganin damar hukuma da nauyin idon jama'a, haƙƙin da za a iya tilastawa a kotu bai ƙaru da komai ba. Akwai ma wasu mutum biyu da ba a cika ambata ba, matuƙin jirgi mai saukar ungulu da wani ma'aikacin gandun daji, da suka mutu a Maris na shekarar suna neman tarkacen kumbon a dazukan Texas.

## Wanda ya sayi tikiti da kuɗinsa

Alhajin da ya hau jirgi daga Kano zuwa Jidda yana da kariyar da bai ma san da ita ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 ta ɗora wa kamfanin jirgi biyan diyya har zuwa wani adadi ko babu laifinsa, kuma duk sharaɗin da kamfani ya rubuta a tikiti don kauce wa wannan, banza ne. Fasinjan kumbo ba shi da makamancin haka. A dokar Amurka ma ba a kiransa fasinja, "mai shiga tafiyar sararin samaniya" ake ce masa, kuma da gangan aka zaɓi sunan.

Dokar da ta tsara haka an yi ta ne a 2004, shekarar da kumbon SpaceShipOne mai zaman kansa ya kai sararin samaniya. Ta wajabta wa kamfani ya bayyana wa mai tafiya haɗurran a rubuce, ya gaya masa ƙarara cewa gwamnati ba ta tabbatar da amincin kumbon ba, shi kuma ya sa hannu. Ta kuma hana hukumar sufurin sama, FAA, kafa ƙa'idojin kare lafiyar waɗanda ke ciki na tsawon shekara takwas, sai dai idan wani mummunan hatsari ya nuna matsala takamaimai. An sha tsawaita wannan wa'adi. Dokar 2015 ta ƙara da sa masu tafiya cikin tsarin yafe wa juna ƙara tsakaninsu da kamfani. Jihohi masu son jawo kamfanonin, Virginia a 2007, sannan Florida da New Mexico da Texas da wasu, sun yi nasu dokokin kariya, galibi da togaciyar cewa ba su rufe ganganci ko mummunan sakaci ba.

Hujjar masu wannan ra'ayi ita ce sana'ar jaririya ce, ƙara ɗaya mai nauyi na iya kashe kamfani, kuma gwamnati ba ta da isasshen sanin da za ta rubuta ƙa'idoji tukuna. Baligi mai hankali da ya biya dala dubu ɗaruruwa bayan an karanta masa haɗarin, in ji su, wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Masu adawa suna tambaya: me ya sani? Mutum na iya yarda da cewa roka abu ne mai hatsari, amma ba shi da hanyar sanin ko wani injiniya ya rubuta gargaɗi an danne, kamar yadda aka yi wa Boisjoly. Suna kuma cewa kamfanin da ya san ba zai biya ba, ƙwarin guiwarsa na kashe kuɗi kan kariya zai ragu.

Hatsarin 31 ga Oktoba, 2014, ya ba ɓangare na biyu abin nunawa. Kumbon SpaceShipTwo da ake gwadawa domin kamfanin Virgin Galactic ya karye a saman hamadar Mojave. Mataimakin matuƙi Michael Alsbury ya mutu, matuƙi Peter Siebold ya tsira da laima da munanan raunuka. Alsbury ne ya buɗe makullin wutsiyar kumbon kafin lokacin da aka tsara, don haka da farko abin ya yi kama da kuskuren mamaci. Hukumar binciken haɗurra, NTSB, ta duba ta ce kamfanin Scaled Composites da ya ƙera shi bai yi tanadin komai ba don kada kuskure ɗaya na ɗan'adam ya wargaza kumbon, kuma FAA ta ɗage wa kamfanin wasu sharuɗɗan nazarin irin wannan kuskure. Shi Alsbury ma'aikaci ne, kuma a ƙa'ida iyalin ma'aikaci tsarin diyyar ma'aikata na jiha suke bi a kan wanda ya ɗauke shi aiki.

Har yanzu babu fasinja mai biyan kuɗi da ya mutu a kumbo, saboda haka ba a gwada ƙarfin waɗannan takardu a kotu ba. Tambayar da lauyoyi ke jira ita ce ko sa hannun mamaci na ɗaure matarsa da 'ya'yansa, waɗanda ba su sa hannu a komai ba. Jihohin Amurka sun saɓa: wasu na ganin haƙƙin magada reshe ne na haƙƙin mamaci, idan ya yafe ya faɗi, wasu na ganin nasu ne na kansu. Yarjejeniyar 1998 ta tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta bi wata hanya: ƙasashen sun yafe wa juna ƙara, amma sun bar wa mutum da magadansa damar neman haƙƙi kan rauni ko mutuwa.

## Mutumin da ke gonarsa

Wanda doka ta fi karewa shi ne wanda bai da alaƙa da tafiyar. A Amurka ba a ba kamfani lasisin harbi sai ya sayi inshorar ɓarnar da zai iya yi wa jama'a. FAA ke ƙiyasta adadin, kuma ba ya wuce dala miliyan 500. Idan ɓarna ta haura inshorar, gwamnati ta yi alkawarin neman majalisa ta biya har dala biliyan 1.5 a darajar kuɗin ƙarshen shekarun 1980, wanda yanzu ya ninka. Abin da ya haura wannan ya koma kan kamfani. Ba a taɓa kaiwa ga taɓa kason gwamnatin ba. Faransa ma na da irin tsarin tun dokarta ta 2008, inda gwamnati ke ɗaukar abin da ya wuce kimanin Yuro miliyan 60. A taƙaice, mai biyan haraji ne aƙilar kamfanonin roka idan babbar masifa ta auku.

A Maris na 2024 wani guntun ƙarfe daga tarkacen da aka yar daga tashar sararin samaniya ya huda rufin wani gida a Naples ta Florida, ya ratsa har ƙasa, ɗan mai gidan na ciki. NASA ta amsa cewa nata ne. Iyalin suka nemi sama da dala 80,000, amma ta dokar cikin gida, domin su Amurkawa ne. Da a wata ƙasa ƙarfen ya faɗa, da Amurka ta biya ba tare da an tambayi sakaci ba.

Ga mazaunin Afirka, wannan na nufin haƙƙinsa na da ƙarfi a rubuce, amma yana hannun ma'aikatar harkokin wajen ƙasarsa. Idan gwamnatinsa ba ta nema ba, ƙasar da ɓarnar ta faru a cikinta na iya nema. Yana kuma iya zuwa kotun ƙasar da ta harba da kansa, abin da manomi ba zai iya ɗaukar nauyinsa ba. Najeriya na cikin yarjejeniyar 1972, kuma ta fuska biyu abin ya shafe ta, domin ita ma tana da taurari a sama. An harba NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, NigComSat-1 kuma a 2007 daga Xichang, tashar da aka yi hatsarin 1996. Ƙasar da ta sa aka harba mata na cikin masu alhaki, ko da yake lauyoyi na da saɓani a kan wadda ta sayi tauraro aka miƙa mata shi bayan ya riga ya kai sama.

Kafin duk wannan akwai matakin da ya fi wuya: gane mai kayan. A Mayun 2020 dogayen ƙarafa sun faɗo a ƙauyukan Kodebuwa, masana suka danganta su da rokar Long March 5B ta Sin saboda hanyar da ta bi da lokacin faɗowarta sun dace. A 30 ga Disamba, 2024, wani zoben ƙarfe mai nauyin kusan kilo 500 ya faɗo a ƙauyen Mukuku da ke gundumar Makueni ta Kenya, mutane suka taru a kansa yana da zafi, kafin hukumar sararin samaniyar ƙasar ta zo ta ɗauke. An shafe makonni masana na jayayya kan rokar da ya fito daga jikinta. Shi ya sa guntun ƙarfen da kansa, da lambobin da ke jikinsa, da sa'ar da ya faɗo, da hoton inda ya sauka kafin a motsa shi, su ne hujjar da komai zai rataya a kai. Taɓa shi ma hatsari ne, don wasu tankokin roka na ɗauke da ragowar mai mai guba. Yarjejeniyar ta yi la'akari da wannan wahala: idan ba a san mai kayan ba, wa'adin shekara ɗaya yana fara ƙirguwa ne daga ranar da aka gano ƙasar da ta harba.